Kiɗa a Matsayin Sana'a: Mamman Shata da Ƙasar Auduga

Gabatarwa

A duk lokacin da ɗalibin Hausa ya zauna zai yi nazarin waƙar baka, abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne matanin waƙar, watau jigonta da salonta da irin azancin da mawaƙi ya zuba a cikinta. Wannan kuwa ba laifi ba ne, don shi aka fi koya mana a aji, shi ne kuma ake tambayarmu a jarrabawa. Sai dai akwai wata tambaya da muka cika tsallakewa: da me makaɗin nan yake ci? Wa yake biyansa, a wane lokaci na shekara, shi kuma mai bayarwar ina ya samo abin da yake bayarwa?

Manufar wannan maƙala ita ce a duba rayuwar Alhaji Mamman Shata ta wannan fuska. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa baiwar da Allah ya yi masa ta dace da ƙasa mai albarka, ita ce kudancin ƙasar Katsina, tsakanin Malumfashi da Bakori da Funtuwa, inda noman auduga da jirgin ƙasa suka sa kuɗi a aljihun talaka. A nan ne kiɗan kalangu, wanda aka fi sani da mahauta da 'yan mata, ya zama sana'ar da mutum zai riƙe babban gida da ita ba tare da ya rataya ga ubangida ɗaya ba. Domin abin ya ƙara fitowa fili, za mu kwatanta shi da wani irin makaɗi na ƙasashen Turawa, watau makaɗin ogan na gidan silima, wanda zamani ya ɗaga shi sama, zamani kuma ya sauke shi.

Asalinsa da Shigarsa Kiɗa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a garin Musawa cikin ƙasar Katsina a 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Jinin Fulani ne, kuma kiɗa ba gadon gidansu ba ne.

Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi ga wanda ya san yadda Bahaushen wancan zamani yake kallon sana'a. Sana'a iri biyu ce a wurinsa, akwai ta gado, akwai ta haye. Ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan wanzami wanzami ne, ɗan makaɗi kuma tun yana yaro ake rataya masa ƙaramar ganga ya bi ubansa. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi nazarin zamantakewar Hausawan Zazzau a wajejen 1950, ya nuna cewa makaɗa da maroƙa da mahauta suna cikin rukunin da jama'a ke ajiyewa a ƙasan tsani. Saboda haka idan ɗan gidan da ba a gaji roƙo ba ya ce shi kiɗa zai yi, a idon dangi ya zubar da girman gida ke nan. Abin da ya faru da Shata ke nan, don mahaifinsa bai so ba, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa ya hana shi.

Yaron ya yi karatun allo kamar sauran yara, ya yi noma, ya kuma taɓa tallar goro da alewa. Daga tallar nan ne, kamar yadda masu tarihinsa suka rawaito, ya samo laƙabinsa. In ya sayar da kaya, sai ya rabar da ribar ga mutanen da ya gamu da su a hanya ya dawo gida hannu rabbana. In aka tambaye shi kuɗi sai ya ce ya yi shata da su. Daga nan wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ya dinga ce masa Mai-shata, sunan ya bi shi har kabari. Wannan hali na sakin hannu bai rabu da shi ba ko da ya girma ya yi dukiya.

Makarantarsa ta farko a waƙa ita ce dandali. Da dare, musamman in akwai farin wata, samari da 'yan mata kan taru a yi wasan asauwara, masu kalangu suna kaɗawa, wanda yake da baki ya shiga fage ya yi waƙa, ya yabi wadda yake so, ya yi wa abokin hamayya habaici. Ba a biyan kowa albashi a wannan fage, sai ɗan abin da aka samu na kari. Amma a nan ya koyi abin da ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, watau ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a, da karanta fuskar masu sauraro don a san abin da zai motsa su.

Ƙasar Auduga

Da Shata ya tsaya a Musawa, da wataƙila sunansa bai wuce 'yan garuruwan da ke kewaye ba. Abin da ya canja masa hanya shi ne ƙaurarsa zuwa Bakori. Wanda ya jawo shi can kuwa shi ne Abdullahi Inde, ɗan gidan sarautar Musawa, wanda yake aikin En'e a Bakori yana kula da sayen auduga da gyaɗa. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan: ubangidan Shata na farko ma'aikacin ciniki ne, mai zaune a bakin sikeli, inda kuɗin amfanin gona ke wucewa.

Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama, ƙasar kuma tana da ƙarfi, tana karɓar dawa da masara da auduga. Tun kafin zuwan Turawa ana noman auduga ana saƙa a wannan yanki. Da Turawa suka zo, masaƙun Ingila suna neman inda za su sami auduga ban da Amurka, sai aka kafa ƙungiyar BCGA a birnin Manchester a 1902, wadda Hausawa suka mayar da sunanta Bisije. Ita ce ta kakkafa injinan gurzar auduga a Arewa, ciki har da na Funtuwa da na Malumfashi. An kawo sabon iri mai dogon zare daga Amurka, aka kuma buɗe gonar gwajin iri a Daudawa, yamma da Funtuwa, a shekarun 1920. Layin dogo da aka ja daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa ta Funtuwa. Daɗin daɗawa, hanyoyin mota na Zariya da Gusau da Katsina da Birnin Gwari duk a nan suke haɗuwa. Ɗan garin da a da bai kai Maska suna ba, sai ga shi ya zama mazaunin Sarkin Maska, ya cika da baƙi: dillalai, da malaman auduga, da leburori, da direbobi, da ma'aikatan jirgi daga kudu da arewa.

Yanzu sai mu duba yadda wannan ya shafi makaɗi. Ana shuka auduga da damina, a fara tsinka in kaka ta yi, sa'an nan a buɗe kasuwannin auduga cikin hunturu. A can ake duba kyawunta, a auna, a biya manomi kuɗi a hannu. Daga 1949 hukumar ciniki ce ke yanke farashi, tana saye ta hannun wakilai masu lasin. In manomi ya biya haraji ya biya bashi, abin da ya rage shi ne na tufafi da aure da biki. Shi ya sa rani ya zama lokacin bukukuwa da kalankuwa da dambe da kokawa, shi ne kuma kakar makaɗa. Kuɗin da aka ƙirga a bakin sikeli da rana, wani kaso nasa a goshin makaɗi yake kwana.

Akwai wani abu kuma. Attajirin da ya yi kuɗi da cinikin auduga, ko direban da ya mallaki babbar mota, ko malamin En'e mai albashi, duk mutane ne masu abin hannu amma ba su da tambari ba su da algaita, don waɗannan na masu sarauta ne. Makaɗin fada ba zai bar ubangijinsa ya zo ya wasa su ba. Suna bukatar wanda zai faɗi sunansu a bainar jama'a, ya ambaci iyayensu da garinsu da alherinsu. Wannan gurbi Shata ya tarar a buɗe, ya kuwa shige shi.

Daga Bakori ya riƙa yawo da ƙungiyarsa zuwa Katsina da Kano da sauran garuruwa. A 1952 ya yi wasa a babban bikin 'ya'yan sarki da aka yi a Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga nan tauraronsa ya fara haske a birni. A 1960 ya koma Funtuwa da zama, can kuma ya riƙe a matsayin gida kusan shekara 40, ko da yake yana da gidaje a Kano da Musawa. Ga mai sana'ar yawo babu mazauni kamar mararraba: duk inda aka kira shi, hanya tana ƙofar gida.

Kalangu da Tsarin Ƙungiya

Kalangu ice ne da aka sassaƙa aka rarake cikinsa, tsakiyarsa a tsuke, bakunansa biyu a buɗe. Ana rufe kowane baki da fata marar kauri, a haɗa fatun biyu da tsarkiya mai yawa daga wannan baki zuwa wancan. Mai kiɗa yakan rataya shi a kafaɗa ya sa shi a hammata, ya riƙa bugu da ɗan sanda mai lanƙwasasshen kai. In ya matse tsarkiya fata ta ɗame, murya ta yi sama. In ya saki, murya ta sauko. To, Hausa harshe ne mai karin sauti, alal misali da karin sauti ne muke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. Tun da kalangu yana iya hawa da sauka, yana iya bin karin magana, har wanda ya saba ya ji taken wani ko wani karin magana ba tare da an buɗe baki ba. Shi ya sa ake cewa kalangu yana magana. Ba a cika kaɗa shi shi kaɗai ba, akan haɗa shi da 'yan rakiya irin su ɗan karɓi da kuntukuru, kowanne da muryarsa da aikinsa.

A ƙungiyar Shata, masu kalangun su ne kuma 'yan amshi. Amshin yawanci gajere ne, ana maimaita shi daga farkon waƙa har ƙarshe, shi kuwa jagora yana ɗora ɗiyan waƙa a kansa yadda ya ga dama. Wannan ya sha bamban da tsarin makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo, inda akan zauna a gida a tsara waƙa, yara su haddace, har su riƙa karɓar ɗa daga bakin jagora suna ƙarasa masa. Shata ya shahara da cewa ba ya zaman shirya waƙa. A fage take zuwar masa.

Sai mu tsaya mu yi tunanin abin da wannan yake nufi ga masu kalangu. Mutumin da ba su san abin da zai faɗa ba, dole su san inda zai numfasa. Dole su gane daga muryarsa ko motsin hannunsa cewa ɗa ya ƙare a shigo da amshi, ko kuwa zai zarce a saurara masa. In wani babban mutum ya shigo fage, kiɗa ya sauya zuwa takensa kafin ya zauna. In jama'a sun yi sanyi a ƙara wuta, in jagora zai yi magana mai nauyi a sassauta hannu don a ji shi. Wannan ilmi ne da ba a rubuta shi a ko'ina ba, da daɗewar zama tare ake samunsa. Ko Bakandamiya, wadda ita ce waƙarsa ta kirarin kai, ya sha rera ta a lokatai daban-daban, kowane rerawa da abin da ya ƙara ko ya rage, masu kalangu kuwa suna biye.

Ta fuskar samu, hanyoyin sun kasu. Akwai abin da ake liƙawa a wurin biki. Akwai kyauta mai tsoka daga wanda aka yi wa waƙa ta kansa, kamar riguna ko doki ko mota. Akwai kuma wasan da ake shiryawa a kulob ko otal ko gidan silima, a sa mai karɓar kuɗi a ƙofa, wanda shi sabon abu ne da zaman birni ya kawo. Bayan wasa jagora ne ke raba wa yaransa, shi ne kuma ke ɗauke da nauyinsu na tafiya da masauki. Kada kuma a manta da zambo, domin shi ne sandan da makaɗi yake riƙe da shi. Wanda ya ji irin abin da aka yi wa mutum a waƙar Gagarabadau, ba zai so ya shiga bakin Shata ta wannan ƙofa ba. Yabo da zambo tare suke tafiya a cinikin roƙo, ɗaya yana tsare wa ɗaya daraja.

Makaɗin Ogan na Gidan Silima

A daidai shekarun da aka haifi Shata, akwai wata sana'ar kiɗa da take tashe a Amurka da Ingila. Siliman wancan lokaci hoto ne kawai ba murya, saboda haka masu gidajen silima sukan ɗauki makaɗa su cike shirun. Da yake biyan ƙungiya guda yana da tsada, sai aka koma ga wani ƙaton abin kiɗa da ake kira ogan, wanda asalinsa a coci aka san shi. Bututuwa ne ɗaruruwa, manya da ƙanana, da ake ginawa a cikin bangon zauren, injin lantarki yana hura musu iska. Mai kiɗa yana zaune a gaban allon silima, gabansa jerin maɓallai hawa biyu ko uku ko huɗu da yake dannawa da yatsu, ƙarƙashinsa kuma wasu da yake takawa da ƙafa. Wani Baturen Ingila, Robert Hope-Jones, shi ya gyara shi ya dace da silima, kamfanin Wurlitzer na Amurka kuma, wanda ya haɗa kai da shi a 1910, ya ƙera sama da guda 2,000. An saka masa ganguna da ƙararrawa da abin kwaikwayon kukan tsuntsu da na jirgin ƙasa da sukuwar doki, har mutum ɗaya ya iya yin aikin ƙungiya.

Aikin wannan makaɗi ya yi kama da na masu kalangun Shata. Idonsa yana kan allo, hannunsa yana bin abin da yake gani. In ana bin ɓarawo da gudu ya hanzarta, in masoya sun haɗu ya tausasa, in an rufe ƙofa da ƙarfi ya buga daidai lokacin. Waɗanda suka gwanance sun yi suna sun yi kuɗi. Jesse Crawford, alal misali, ya kama aiki a babban gidan silima na Chicago a 1921, ya koma gidan Paramount na New York a 1926, har ya zama wasu don jin kiɗansa suke sayen tikiti.

Amma a 1927 aka fito da fim ɗin The Jazz Singer wanda ake jin muryar ɗan wasa a cikinsa, kafin 'yan shekaru kuwa silima mai magana ta game ko'ina. Kiɗan ya koma cikin fim ɗin kansa, dubban makaɗa suka wayi gari ba aiki. Abin kiɗansu ba ya ɗaukuwa, don a jikin gini yake, ginin kuma na wani ne. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka sami wata ƙofa. Wata mata mai suna Rosa Rio ta koma gidan rediyo tana yi wa wasannin kwaikwayo kiɗa shekara da shekaru, da ta tsufa kuma ta koma raka tsofaffin finafinai a birnin Tampa, har ta rasu a 2010 tana da shekara 107. A Ingila kuwa Reginald Dixon ya riƙe ogan ɗin zauren rawa na Blackpool daga 1930 zuwa 1970, rediyo yana watsa kiɗansa. Tun 1955 masu sha'awar abin a Amurka suka kafa ƙungiya don ceto ragowar waɗannan kayan kiɗa daga gidajen da ake rushewa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, makaɗin da ya dogara ga wuri ɗaya ko ubangida ɗaya, ranar da wurin ya canja hali, sana'arsa ta shiga uku. Makaɗin fada a ƙasar Hausa ya ɗanɗana irin wannan, don da aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, ƙarfin fada ya ragu, abin da take iya yi wa bayinta da makaɗanta shi ma ya ragu. Shata kuwa kayan aikinsa a kafaɗa ake rataya su, a jefa a bayan mota. Iyayen gidansa kuma ba su ƙirguwa. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar wanda suka shaƙu ƙwarai, amma bai zama makaɗin fadar kowa ba.

Faifai da Rediyo da Kaset

Na'urar da ta kashe wa makaɗin ogan kasuwa, watau na'urar ɗaukar murya, ita ce ta buɗe wa Shata tasa. Dalili kuwa shi ne, makaɗin ogan rakiya yake yi wa hoto, da aka sami abin da zai yi rakiyar a arha sai aka sallame shi. Shata kuwa shi ne abin da ake son ji. Faifan garmaho ya kai muryarsa shagunan birni da tashoshin mota. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, muryar ta shiga ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, ta ƙetare iyaka zuwa Nijar da Gana da Kamaru da duk inda Bahaushe yake zaune. A shekarun 1970 kaset ya zo, kowane direba ya zama mai yaɗa waƙarsa.

Wannan ya ƙara wa hajarsa tsada. Wanda aka yi wa waƙa a dandali, mutanen da ke wurin ne kaɗai suka ji. Wanda aka yi wa waƙa ta shiga rediyo, sunansa ya kai inda kuɗinsa ba za su kai shi ba, kuma zai wanzu bayan ransa. Mutane da yawa da muke jin sunayensu a yau a waƙoƙinsa, ba don waƙar ba da tuni an manta da su. Har ila yau rediyo ya faɗaɗa masa jigo, don mai sauraro ya zama jama'a baki ɗaya. Ya yi waƙa a kan noma da kasuwanci da addini da aikin soja da dabbobi da halayen mutane, har da kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka aika duniyar wata a 1969. Ya kuma yi waɗanda suka jawo masa suka daga malamai, musamman na shaye-shaye, bai kuwa ɓoye halinsa ba.

Sannu a hankali sana'ar da mahaifinsa ya guje masa ta jawo masa girman da ba a saba ba makaɗi ba. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani, Shata ne kuma abin nazarinsa. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan aka riƙa ce masa Dokta. Ya taɓa siyasa, an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya kuma riƙe shugabancin jam'iyyar SDP na Funtuwa a jamhuriya ta uku. Ya rasu a asibitin koyarwa na Aminu Kano a watan Yuni 1999, aka kai shi Daura aka rufe. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Kammalawa

Abubuwan da suka ɗauki nauyin wannan sana'a sun canja. An rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, yawancin masaƙun Kaduna da ke shan audugar wannan yanki sun rufe a shekarun 2000, manoma da yawa kuma suka fi karkata ga masara da waken soya. A ɓangaren kiɗa ma, tun daga tsakiyar shekarun 1990 aka fara yin waƙoƙin finafinan Hausa a Kano da abin da ake kira fiyano, wanda yaro ɗaya zai zauna a gabansa ya fitar da amon ganga da na sarewa da yatsunsa. Ashe abin da ogan ya yi wa ƙungiyoyin makaɗa a Amurka, fiyano ya zo ya yi wa masu kalangu irinsa a nan. Waƙar Shata tana nan a rediyo da wayoyin hannu, ba abin da ya same ta. Waɗanda abin ya shafa su ne 'yan rakiya, kamar dai yadda ya faru a can.

A nan ne aikinmu yake, mu ɗaliban Hausa. Kowa ya san sunan Shata, amma mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan uku daga cikin waɗanda suka yi shekaru suna matse masa tsarkiya? Yadda ake raba kuɗi bayan wasa, da yadda ake ɗaukar sabon yaro a horar da shi, da alamun da jagora yake yi wa masu kiɗa, da wanda yake sassaƙa kalangun da wanda yake ɗaure shi, duk ilmi ne da yake cikin ƙirjin tsofaffi a Funtuwa da Bakori da Musawa da Malumfashi. Kaset yana riƙe waƙa, amma ba ya riƙe wannan. Wanda yake neman abin da zai rubuta kundin kammala digiri a kai, ga fage nan a buɗe, kuɗin mota kawai yake bukata da haƙurin zama gaban manya. In muka yi jinkiri, za mu gaji waƙoƙi masu yawa, mu rasa sanin yadda aka yi su da abin da aka ci a kansu.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata da makaɗansa da suka riga mu gidan gaskiya, ya sa mu amfana da abin da suka bari.